Sharhi Kan Wata Cibiyar Ba Wa Ɗalibai Shawara a Ikeja, Bayan Ta Yi Aiki da Makarantarmu ta Agege

Cibiyar da nake sharhi a kanta kamfani ne mai zaman kansa da ke da ofis a yankin Ikeja, kuma sana'arta ita ce tura masu ba da shawara da masana halayyar ɗan Adam zuwa makarantun da ba su da ƙarfin ɗaukar irin waɗannan ma'aikata na dindindin. Ba zan ambaci sunanta ba, domin akwai wuraren da zan kushe ta, kuma irinta sun yawaita a Legas, ta yadda abin da zan faɗa zai amfani duk mai shirin ƙulla yarjejeniya da ɗaya daga cikinsu. Ni mataimakin shugaba ne a wata makarantar kuɗi da ke Agege, wadda ta haɗa karatun boko da na Islamiyya tun daga firamare har babbar sakandare, kuma mafi yawan ɗalibanmu 'ya'yan Hausawa ne mazauna Legas, wato 'yan kasuwar Mile 12, da mahautan mayankar Oko-Oba, da direbobin manyan motocin da ke lodi a Apapa, da masu canjin kuɗi. Mun ɗauki cibiyar na tsawon shekarar karatu guda, bisa sharaɗin ta riƙa turo mana mai ba da shawara kowane mako, ta gwada yaran da malamai suka ce karatu ya gagare su, ta taimaka wa 'yan aji uku na ƙaramar sakandare wajen zaɓen fanni, sannan ta horar da malamanmu.

Kafin a sa hannu na nemi ganin takardun shaidar ma'aikatansu, kuma ba su yi ƙumbiya-ƙumbiya ba. Shugabar wurin tana da digiri na biyu a fannin jagoranci da ba da shawara daga Jami'ar Legas da ke Akoka, ta daɗe tana koyarwa kafin ta buɗe cibiyar, kuma tana da rajista da ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa, wato CASSON. Akwai kuma masanin halayyar ɗan Adam na ɓangaren asibiti da suke kira idan aikin gwaji ya taso. Neman takarda ba tsaurin kai ba ne, domin sana'ar ta daɗe a Nijeriya ba tare da doka ta kewaye ta ba. Ana danganta farkonta da shekarar 1959, lokacin da malaman kwalejin 'yan mata ta St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa ɗaliban ajin ƙarshe bayanin ayyukan da za su iya nema. An kafa ƙungiyar a 1976, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a samar da masu ba da shawara a makarantu, amma sai a 2022 aka sa hannu a kan dokar kafa majalisar da za ta yi wa masu sana'ar rajista ta kuma ladabtar da su. A tsawon shekarun nan duk wanda ya halarci taron ƙara wa juna sani na 'yan kwanaki yana iya kafa allo a ƙofar ofis ya kira kansa gwani, kuma har yanzu irinsu ba su ƙare ba.

Yana da kyau iyaye su san bambancin ma'aikata ukun da ake yawan cakuɗawa, domin cibiyar kanta ba ta fayyace shi a takardar tallarta ba. Mai ba da shawara na makaranta yawanci daga tsangayar ilimi yake fitowa, kuma aikinsa sauraron ɗalibi ne da taimaka masa a kan karatu, da zaɓen sana'a, da damuwar yau da kullum. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti shi ne aka horar a kan gwaje-gwaje masu zurfi da gano larura. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa cikakken likita ne, kuma a cikin ukun shi kaɗai ke da hurumin rubuta magani.

Abin da ban gano ba sai da aiki ya kankama shi ne, ba shugabar ce za ta riƙa zuwa kowane mako ba. Wadda ta fi zuwa matashiya ce da ta kammala digiri ba da daɗewa ba, tare da ɗalibai masu neman digiri na biyu da ke yin aikin sanin makama a ƙarƙashin cibiyar. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, domin ta haka ake horar da masu sana'ar a ko'ina, muddin akwai babba da ke duba rubuce-rubucensu yana tattauna kowace matsala da su. Laifin shi ne rashin faɗa mana tun farko, alhali kuɗin da muka biya an yanka shi ne da sunan ƙwarewar shugabar.

Duk da haka, zaman ganawa da ɗalibai shi ne ɓangaren da na fi yabawa, kuma matashiyar nan ta iya aikinta. Ta nemi a ba ta ɗaki na daban mai ƙofar gilashi, ta yadda za a hango waɗanda ke ciki amma ba za a ji maganarsu ba, wanda hakan ya kwantar da hankalin malaman Islamiyya da suka nuna damuwa game da keɓewar mace da samari. Ba ta wa'azi, ba ta gaggawar yanke hukunci, tana barin yaro ya yi ta magana har ya iso kan abin da ke cin sa, kuma da na tambaye ta sai ta ce tafarkin Carl Rogers take bi, masanin nan na Amurka da ya gina hanyarsa a kan karɓar mai matsala yadda yake, da sauraronsa da zuciya ɗaya. A makarantar da babba ke magana yaro na sunkuye da kai, wannan sabon abu ne, kuma 'yan mata ne suka fi cin moriyarsa, da yake ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ta wannan hanya muka gane cewa wata yarinya da malamai suka yi wa lakabi da malalaciya saboda barci a aji, tana tashi tun kafin asuba ta taya mahaifiyarta haɗa abincin sayarwa, ta dawo daga boko ta wuce Islamiyyar dare. Wani yaro kuma da aka daɗe ana hukuntawa a kan ƙin kwafar rubutu, ashe allon ne ba ya gani sosai, kuma tabarau kawai yake buƙata. Babu ɗayan biyun da ya buƙaci wani gwaji mai tsada.

Batun riƙe sirri ne ya fi jawo taƙaddama da iyaye. Wani dattijo daga cikinsu ya zo ofishina ransa a ɓace, yana cewa shi ya haifi 'yarsa, shi ke biyan kuɗin makarantarta, don haka bai ga dalilin da za a ce akwai maganar da ta yi da baƙuwa wadda shi ba zai ji ba. Shugabar cibiyar ce ta zo da kanta, ta rusuna ta gaishe shi irin gaisuwar Yarabawa, tana kiran sa Baba Alhaji, ta bayyana masa cewa ranar da yara suka gane ana kai maganarsu gida, ranar za su daina magana, kuma ta ba shi tabbacin cewa duk abin da ya shafi lafiyar yarinyar ko amincinta shi ne farkon wanda zai ji. Ta kuma faɗa mana a fili, mu da ɗaliban, cewa sirrin yana da iyaka: idan yaro ya nuna alamar zai cutar da kansa ko wani, ko kuma ana cin zarafinsa, dole a kai rahoto ga hukuma, kamar yadda dokar kare haƙƙin yara ta Jihar Legas ta 2007 da manufar kare yara da jihar ta fitar a 2016 suka tanada. Na yaba da yadda ba ta sassauta wannan ƙa'ida don faranta wa mai biyan kuɗi ba.

Inda cibiyar ta gaza, kuma gazawar da nake ganin ta fi kowace nauyi ga al'ummarmu, shi ne gwajin basira. Babu mai jin Hausa ko ɗaya a cikin ma'aikatanta. Yaranmu suna tashi da Hausa a gida, su tsinci Yarabanci da Turancin buroka a titi, su karanta Larabci a Islamiyya, sannan su haɗu da Turancin littafi a aji, kuma wanda aka kawo daga Arewa yana ɗan shekara tara ko goma ba shi da komai daga cikin waɗannan sai Hausar da karatun allo. Gwajin da cibiyar ta fi dogara da shi kuwa shi ne na Wechsler na yara, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1949, bugu na biyar ya fito a 2014, kuma ana yi wa 'yan shekara 6 zuwa 16. An tsara shi ta yadda matsakaicin maki zai zama 100, kuma makin da ya yi ƙasa da 70 yakan sa a fara zargin tawayar basira. Sai dai wannan matsakaicin an samo shi ne daga yaran ƙasar da aka daidaita gwajin a cikinta, kuma wani babban sashe nasa tambayoyi ne na ma'anar kalmomi da kamanceceniyar abubuwa, duk da Turanci. Yi wa ɗan Agege irin wannan gwaji a ɗauki makinsa yadda ya fito, daidai yake da auna hatsi da derikar Mile 12 a rubuta sakamakon da sunan tiyar Dawanau.

Wannan ya faru da wani ɗalibinmu da aka kawo daga Arewa a tsakiyar firamare. Yaron ya haddace kaso mai yawa na Alƙur'ani, yana tsare wa mahaifinsa shago yana ba da canji ba tare da kuskure ba, amma a aji ba ya buɗe baki. Ɗaya daga cikin masu sanin makamar aiki ya yi masa gwajin, makinsa na ɓangaren harshe ya faɗi ƙasa warwas, kuma daftarin rahoton da aka fara nuna mana ya jingina masa ƙarancin basira. Da na nuna rashin gamsuwa, shugabar ta karɓi fayil ɗin, ta sa masanin halayyar ya sake gwada shi da gwajin Raven, wanda John Raven ya fitar a Ingila a 1938, kuma babu kalma a cikinsa, zane-zane ne da aka cire wani yanki ana so yaro ya zaɓo abin da zai cike gurbin. Yaron ya fito daidai da tsararsa. Ta janye lakabin, ta rubuta cewa matsalarsa ta harshen koyarwa ce, ta ba da shawarar a ƙara masa darasin Turanci a ƙaramin rukuni, a kuma riƙa fara yi masa bayani da Hausa. Gyaran abin yabo ne, kuma ya nuna amfanin samun babba mai dubawa. Abin tsoron shi ne, da rahoton farko ya isa hannun mahaifin, da wuya yaron ya sake ganin aji.

Bai kamata a ce sai da abokin ciniki ya yi ƙorafi aka lura ba, domin binciken da ya shafi wannan batu sananne ne ga duk wanda ya karanci fannin. Jim Cummins, masanin koyon harshe da ke Kanada, ya daɗe da nuna cewa yaro yakan iya hirar yau da kullum a sabon harshe cikin kimanin shekara biyu, amma harshen karatu da nazari yakan ɗauke shi shekara biyar zuwa bakwai, kuma malamai kan ruɗu da zaƙin bakin yaro a filin wasa su zaci ya iya harshen jarrabawa. A nan gida ma, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun fara gwajin nan na Ife a 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, kuma ba su kasa takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, a darussa da dama ma sun fi su. Cibiyar da ke aiki a garin da ya tara kowace ƙabila ta Nijeriya ya kamata ta fara kowane gwaji da tambayar wane harshe yaron yake tunani da shi, kuma yaushe ya fara jin Turanci.

Matsalar harshen ta bi su har wajen iyaye. Sun yi amfani da takardar tambayoyin da Robert Goodman ya tsara a 1997, mai tambaya 25 a kan damuwar yaro, da ɗabi'arsa, da rashin natsuwa, da zamansa da tsara, da kyautatawarsa ga mutane, wadda malami ke cike kofi ɗaya iyaye su cike ɗaya. Takarda ce mai amfani, amma iyaye mata da yawa ba sa karanta Turanci, don haka aka riƙa jawo duk malamin da ke kusa ya yi tafinta. Uwa ba za ta faɗi gaskiyar abin da ke faruwa a ɗakinta a gaban malamin da ke sallah masallaci ɗaya da mijinta ba, kuma sirrin da aka yi ta tinƙaho da shi a nan ya zube. Rahotannin da aka rubuta su ma cike suke da kalmomin fanni, har ni da na yi karatun koyarwa sai da na nemi ƙarin bayani a kan wasu.

Aikin zaɓen fanni ya tafi daidai. Sun yi amfani da takardun auna sha'awar sana'a da ɗabi'un karatu na Farfesa Christopher Bakare na Jami'ar Ibadan, waɗanda aka tsara domin ɗaliban Nijeriya tun shekarun 1970, kuma ko da yake jerin sana'o'in da ke ciki ya tsufa, sun fi dacewa da yaranmu a kan na waje. Mafi amfani shi ne zaman da suka yi da iyaye a kan haɗin darussan JAMB, inda suka nuna cewa yaron da aka tilasta wa ajin kimiyya alhali lissafi da kimistiri sun fi ƙarfinsa, yakan ƙare ba shi da sakamakon WAEC da zai kai shi likitanci, ba shi kuma da darussan da za su kai shi lauya ko akanta.

Horon malamai kuwa rabi da rabi ne. Gwamnatin Legas ta haramta bulala a makarantunta, ta ce a koma ga nasiha da ba da shawara, kuma cibiyar ta zo da dabarun da za su maye gurbin dorina, irin su gindaya ƙa'idojin aji tare da ɗalibai, da yaba kyakkyawan hali nan take, da janye wata gata maimakon duka. Dabarun suna aiki, na ga haka a ajujuwan malaman da suka jure. Amma masu horarwar sun yi magana kamar duk malamin da ya taɓa riƙe bulala azzalumi ne, ba su kuma nemi sanin cewa a cikin tarbiyyar Musulunci akwai dogon bayani a kan tausasa wa yaro da bin matakai kafin hukunci ba, wanda da sun fara ta nan da malaman Islamiyya sun ba su kunne tun ranar farko.

A wani wuri dabam sun nuna hikimar da na so a ce sun nuna a horon. Wata ɗaliba ta riƙa faɗuwa a aji tana fita hayyacinta, iyayenta suka tafi a kan aljanu ne, suka fara ruƙiyya. Mai ba da shawarar ba ta yi musu da imaninsu ba, ta ce a ci gaba da addu'a, amma a haɗa da ganin likita domin a tabbatar ko farfaɗiya ce ko wata larura, kuma ta amsa cewa wannan ya wuce huruminta. A Legas da zarar an ambaci Yaba sai gaban mutane ya faɗi saboda asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke can, don haka ta bayyana musu cewa asibitin yana da sashen yara da matasa na musamman a Oshodi, inda ake ganin yaro a sallame shi ya koma gida a ranar, kuma jirgin ƙasan da ke bi ta Agege yana tsayawa a Oshodin. Ta kuma ambata musu cewa tsohuwar dokar 1958 da ke ɗaukar mai larurar ƙwaƙwalwa kamar abin tsarewa an maye gurbinta da sabuwa a farkon 2023, wadda ta ba shi haƙƙin a nemi yardarsa a kuma kare mutuncinsa. Iyayen sun je.

Kuɗin ba kaɗan ba ne ga makaranta irin tamu. Gwajin yaro ɗaya, wanda iyaye ke biya daban, ya kusa kai kuɗin makarantar zango guda, kuma ba a faɗi haka dalla-dalla a yarjejeniyar ba. Zuwan mako-mako ma bai wadatar ba, idan aka tuna cewa ƙungiyar masu ba da shawara a makarantu ta Amurka tana ganin bai kamata mutum ɗaya na dindindin ya riƙe ɗalibai fiye da 250 ba, mu kuwa namu sun haura haka kuma yini ɗaya ake ba su. Wasu makonnin cunkoson hanya yakan cinye rabin safiyar. Bibiyar yaran da aka riga aka gani ita ma tana da rauni, musamman da masu sanin makamar aiki suka gama wa'adinsu aka kawo sababbi, yaro ya koma ba da labarinsa daga farko.

Ga makarantar da ke neman wanda zai saurari ɗalibanta, ya taimaka musu zaɓen fanni, ya kuma san lokacin da ya kamata a miƙa yaro asibiti, wannan cibiya ta cancanci kuɗinta. Ga iyayen da ke son a gwada basirar yaron da Hausa ce harshensa na farko kuwa, ba zan tura su can ba sai da sharaɗi. Hukumar makarantarmu ta amince a sabunta yarjejeniyar, amma mun sa a rubuce cewa za a sanar da mu sunan duk wanda zai ga yaranmu da matakin karatunsa, ba za a fitar da rahoton gwaji ba sai shugabar ta duba ta sa hannu, ba za a yi wa yaron da bai shekara biyar yana karatu da Turanci ba gwajin da ya dogara da harshe shi kaɗai, kuma cibiyar za ta nemo tafinta mace mai jin Hausa wadda ba ma'aikaciyarmu ba ce. Sun karɓi ukun farko nan take, na huɗun kuwa sun nemi a ba su zuwa ƙarshen zangon farko, mu kuma mun riƙe kason ƙarshe na kuɗin har sai tafintar ta fara aiki.